Tarkon rami na kama ƙwarin ƙasa: ya cancanci kuɗinsa?

Tun da abokan aiki suka ga ƙwarin da ɗalibaina suka jera a ɗakin gwaji, tambaya ɗaya ake yi mini: wane tarko muka yi amfani da shi, kuma a saya ko kada a saya? Idan makaranta ce za ta biya, a saya. Idan daga aljihunka ne, Malam, dakata ka karanta tukuna.

Na yi odarsa ta intanet daga wani mai sayar da kayan ɗakin gwaji a Legas. Kuɗinsa da na mota sun kusa kuɗin buhun taki. A cikin kwalin akwai kofunan roba 40, wato tarko 20 ke nan, domin kowane tarko kofi biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Akwai rufin kare ruwan sama da ƙusoshinsa, da ragar waya, da mahaƙi na ƙarfe mai siffar bututu, da hantsaki biyu, da ƙananan kwalabe, da gilashin hannu mai ƙara girman abu sau 10, sai 'yar takardar bayani mai hotuna. Tarkon kansa babu wani sihiri a ciki: a binne kofi har bakinsa ya yi daidai da ƙasa, ƙwaron da ke yawo ya faɗa. Tsohuwar dabara ce, ana danganta ta da wani Ba'amurke, Herbert Barber, wanda ya bayyana ta a 1931 lokacin da yake kamun ƙwarin kogo.

Waɗanda muke nema su ne buzuzun ƙasa masu gudu da farauta, dangin da masana ke kira Carabidae, masu iri kusan 40,000 a duniya. Filinmu yana bayan makaranta a wajen Zariya. Ya fara daga jigawa mai gajeriyar ciyawa da shanu suka aske, ya ratsa ta cikin gamba mai tsayin mutum, ya gangara fadama.

Mahaƙin shi ne ya fi komai daraja a kwalin. Duk wanda ya taɓa binne kofi da fartanya ya san wahalar: ramin ya yi faɗi, ka cike gefe da ƙasa, ruwa ɗaya ya zo ya zaizaye, bakin kofi ya tsaya sama. To ƙaramin ƙwaro da zarar ya ci karo da wannan ɗan tudu sai ya juya, ka wayi gari da manya kawai ka ce ƙanana babu. Mahaƙin nan yana yanke ƙasa daidai faɗin kofin, ciyawar gefe ko motsi ba ta yi. Dabarar kofi biyu ma ta yi: ka zare na ciki ka juye, na waje yana nan bai tayar da ƙasa ba. Sai dai ka bar tarkon a rufe na 'yan kwanaki bayan haƙa, domin sabuwar ƙasa tana janyo ƙwari fiye da ƙima, kamun farko ba abin dogaro ba ne. Takardar ba ta faɗi haka ba.

Abin da yara suka gani da idonsu shi ya hana ni nadamar kuɗina. Filin da za ka tsallake cikin minti goma kana ganin ciyawa ce kawai, ashe a rabe yake. A jigawa muka riƙa samun Graphipterus, faffaɗan ƙwaro mai zanen fari da baƙi da ke tsere a kan rairayi da rana, wanda tsutsarsa a gidan tururuwa take girma tana cin 'ya'yansu. A nan ne kuma Anthia yake, baƙi mai ɗigon fari, tsawonsa kan kai santimita 4, ba ya tashi sama, amma yana feso ruwa mai raɗaɗi ta bayansa, kuma ido yake nema. Dokar da na kafa wa ɗalibai ita ce kada kowa ya leƙa kofin da yake ciki da fuskarsa. Da ka shiga gamba sai su ɓace, ka fara ganin Tefflus, ƙato mai layi-layi a baya, mai cin dodon koɗi, tare da wasu ƙanana dangin Harpalus waɗanda irin ciyawa ne rabin abincinsu. A bakin fadama kuwa wata duniya ce: Chlaenius kore mai sheƙi, wanda warinsa ke yini a hannu, Scarites mai siririn ƙugu da faffaɗan ƙafafun gaba na haƙa rami, da Pheropsophus mai launin rawaya da baƙi. Wannan na ƙarshe shi ne gwanin yara. Ka taɓa shi ka ji "fat", ɗan hayaƙi ya tashi, ruwan da ya harbo zafinsa ya kusa digiri 100, ya bar maka tabo a yatsa. Lokacin da tsutsa ta faɗa wa masarar da ke maƙwabtaka da filin, sai ga Calosoma ya bayyana a layin tarkonmu da ke kan iyaka, domin shi tsutsa yake bi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ba wuri kaɗai suke rabawa ba, har da lokaci. Muka koma kwashe tarko sau biyu a yini, da asuba da kuma gab da magariba, kowane kamu da kwalbarsa. Kofi ɗaya, rami ɗaya, amma kwalbar dare da ta rana kusan ba su haɗa kowa ba. Na ce wa yara su tuna rumfar bakin tasha, mai koko da safe, mai shayi da dare, ba wanda ya tare wa wani ciniki. Mafi yawansu 'yan dare ne. Haka ma shekara: ruwan farko na bazara da tsakiyar damina kofuna kan cika, amma bayan an ƙona ciyawa da rani sai su ɗauke ƙafa, ya rage wasu baƙaƙen ƙwari masu tafiyar hawainiya na wani dangi dabam, Tenebrionidae. A nan gilashin hannun ya yi rana. Ƙaramin abu ne, gefensa yana ɗan dishi-dishi, amma ya isa ka ƙirga gaɓoɓin tafin ƙafar baya: 5 ne a namu, 4 ne a waɗancan. Ɗaliba 'yar aji biyar ta iya wannan cikin zama ɗaya.

Yanzu ga inda kayan suka gaza. Rufin roba ne marar kauri, ranar Afrilu ta lanƙwasa shi, iskar hadari kuma ta yi gaba da wanda ya rage, domin ƙusoshin gajeru ne. Mun maye su da gutsuren kwanon rufi da ƙusa inci shida. Kofin waje ba shi da huda a gindi, don haka a fadama, in ƙasa ta sha ruwa, sai ta tunkuɗo tarkon gaba ɗaya sama. Ragar wayar an yi ta ne don kada kwaɗo da jaɓa da ƙadangare su faɗa, kuma niyyar mai kyau ce, sai dai idonta ƙanana ne, in tana kan kofi Tefflus da Anthia ba sa wucewa. Wanda ya tsara ta bai san girman ƙwarin Afirka ba.

Takardar bayanin ce ta fi ɓata mini rai. Da farko ta ce a zuba ruwan sanyaya injin mota a kofi don kada kamu ya ruɓe. Wannan ruwa guba ne, ga shi da zaƙi, akuya ko kare za su lashe. A filin da ake kiwo ban yarda ba. Ruwan gishiri mai kauri da ɗigon sabulun ruwa ya wadatar, muddin ba za ka bar kamu ya wuce kwana biyu a zafinmu ba. Na biyu, hotunanta duka na ƙwarin Turai ne, kalandarta ma haka. Ta raba su gida biyu, masu haihuwa bayan sanyi da masu haihuwa gab da sanyi, rabon da wani masanin ƙwari, Larsson, ya yi a Denmak a 1939. Daidai ne a can. A nan ruwa ne da wuta ke juya shekara, ba ƙanƙara ba. Kuma ba a rasa aikin da za a jingina da shi ba, tashar bincike ta Lamto a Kwaddibuwa tun 1962 take nazarin dajin ciyawa da ake ƙonawa duk shekara, har da waɗannan ƙwari.

Na uku shi ne wanda nake tsoron malami ya kwafe ya rubuta a allo. Takardar ta yanke hukunci cewa gasa ce ta raba musu fili, mai ƙarfi ya ture marar ƙarfi gefe. Maganar ba ta ƙare ba ko a wurin masu ita. Piet den Boer, wanda ya fara binne irin wannan tarko a Drenthe ta ƙasar Holan a 1959 ya kuma ci gaba shekaru da dama, ya ga cewa ƙwarin da suka fi kusancin dangantaka, waɗanda ya kamata a ce sun fi kowa rikici, su ne ma aka fi samu wuri ɗaya. Michel Loreau a wani daji na Beljiyam ya ga alamun gasa, amma tsakanin 'yan kaɗan da suka fi yawa. Da Jari Niemelä ya tattara binciken da aka yi a 1993, ya tarar hujjar gasar ba ta da ƙarfi. Ni dai a filinmu na fi karkata ga Den Boer. Inda wuta ke wucewa duk shekara, kofato na takawa, rani na kashe na kashewa, da wuya su yi yawan da abinci zai gaza su har a kai ga ture juna. Chlaenius bai bar jigawa don tsoron Anthia ba, danshi yake bi. Tarko yana nuna maka wane yana ina, ba ya gaya maka dalili.

Ba ya kuma gaya maka yawansu. Wanda ya yi yawo shi ke faɗawa. Tun 1964 wani masani, Greenslade, ya nuna a Ingila cewa ciyawa mai duhu tana rage kamu, saboda tana rage wa ƙwaro gudu. Mu ma kofunan jigawa sun fi na cikin gamba cika, kuma ɗalibai suka yi saurin cewa jigawa ta fi ƙwari. Na sa suka tsuguna a gindin gamba suka buɗa busasshen ganye da hannu, sai ga ƙanana birjik waɗanda ba su taɓa shiga kofi ba. A bar tazarar aƙalla mita 10 tsakanin tarko da tarko, in ba haka ba wannan yana kwashe rabon wancan.

Wani abu da babu takardar da za ta faɗa maka: ka sanar da mai unguwa da masu kiwo kafin ka haƙa rami ko ɗaya. Mutum ya ga baƙo tsugune da asuba yana binne abu a burtali, ka san abin da zai zo masa a rai. Wani dattijon Bafillace ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Me ake binnewa a hanyar shanu?" Na ce, "Baffa, ƙwari muke kamawa don karatun yara, zo ka gani." Ya duba kofin, ya nuna Anthia da sandarsa ya ce wannan ya san shi, a kiyaye ido. Tun daga ranar yaransa ke kaɗa shanu su kauce wa layinmu.

Kwalin bai zo da sifirit na ajiye kamu ba, sai ka nema, mai ƙarfin kashi 70. Ka rubuta wuri da rana da fensir a 'yar takarda ka jefa cikin kwalbar, tawadar biro narkewa take yi. Gilashin hannu zai kai ka ga dangi, wani lokaci ga jinsi, amma ba zai ba ka cikakken suna ba. Don wannan sai an kai gidan adana ƙwari na sashen kare amfanin gona a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ko na cibiyar binciken noma ta IITA a Kwatano. Mai niyyar saya kuma ya yi oda tun Maris, ya haƙa ramukansa da zarar yayyafin farko ya tausasa ƙasa, domin mahaƙin ba ya cin fako a busasshe.