Na saita ido, kunne ya fito: gilasan 50mm uku a kan kyamara ɗaya

Wata shida ke nan ina juya gilasan 50mm guda uku a kan kyamarata ta fim, Leica M6, kuma niyyata ita ce in jera su in faɗi abin da kowanne ya iya. Amma duk sanda na zauna rubutu sai kunnen Kawu ya faɗo mini a rai. To bari in fara da kunnen, ko na samu zuciyata ta yi sanyi.

Gilashin da ya ja mini abin tsoho ne, f/1.5 (lambar faɗin ƙofar haske ke nan, ƙaramar lamba babbar ƙofa), mai tsarin Sonnar, irin na murɗawa wanda sai an sa masa zobe kafin ya hau bakin M, wato bakin da ake ɗaura gilashi a wannan kyamarar. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don bayan Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta kwaikwayon wannan tsari a Rasha da Japan, kuma 'ya'yan gidan duk halinsu ɗaya. Wanda ya sayar mini ya rantse cewa gilashin garau yake, babu hazo, babu fumfuna, babu ƙarzuwa. Bai yi ƙarya ba, ko ɗigo. Abin da ya yi shiru a kansa shi ne ya cuce ni.

Kawu ya haura tamanin, kuma a duniya ba abin da ya tsana kamar a nuna shi da kyamara. Ya zo mana kwana uku, na yi ta lallaɓa shi yana kawar da kai. Sai ranar da zai tafi, da safe, ya zauna kusa da taga ya ce, "To zo ka ɗauka, tunda ka hana ni sakat." Jikina har rawa yake. Akwai fim ɗin Ilford HP5 sabo a cikin kyamarar, hoto 36 cif. Summicron yana cikin jaka, gilashin da bai taɓa ba ni kunya ba. Amma ɗokin sabon abu ya ja ni, na ɗaura wancan.

Ga inda wayona ya kai ni. Na tsaya kamar mita ɗaya daga gare shi. Na san cewa a f/1.5, daga wannan nisa, abin da zai fito tar bai kai santimita 4 ba daga gaba zuwa baya. Tsoho ne, yana motsi, yana magana. Sai na ce bari in yi hattara, na rage ƙofar haske zuwa f/2.8 don in sami sarari. Na leƙa tagar kyamarar, na murɗa zoben saiti har hotunan nan biyu da ke cikin ɗan tabon tsakiya suka haɗe a kan ƙwayar idonsa na dama, na danna. Kowane hoto sai da na sake saiti.

"Kawu, ku ɗan ɗago kai."

"Kai dai yi ka gama."

Can wajen hoto na ashirin da wani abu, na tuna masa wata tsohuwar rigima tsakaninsa da mahaifiyata, ya fashe da dariya har da ƙwalla. Rabon da in ga wannan dariyar an yi shekaru. Na danna sau huɗu a jere, na ce a raina yau na gama samu.

Da daddare na wanke fim ɗin, na rataye ya bushe, na ɗauko gilashin ƙara girma. Hoton farko, ido dishi-dishi. Na ce hannuna ne ya motsa. Na biyu haka. Na goma haka. Sai na lura da wani abu da ya fi ɓata mini rai: hotunan ba rawa suka yi ba. Kunnensa ya fito ras, har gashin da ke bakin kunnen ana iya ƙirgawa. Zaren wuyan rigarsa ya fito ɗaya-ɗaya. Idon ne kawai, inda na zuba duk ƙoƙarina, ya zama kamar ana kallon sa ta bayan tururi. Hotunan dariyar nan huɗu ma haka. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma ba da karin magana nake ba.

Kyamarar na fara tuhuma, na kai ta wurin mai gyara. Na ce, "Malam, ma'aunin nisan nan ya goce." Bai ce komai ba. Ya ɗaura Summicron, ya auna can nesa, ya auna mita ɗaya, ya ce lafiyarta ƙalau. Ya cire zoben da ke bayan tsohon gilashin ya auna kaurinsa, milimita 1 daidai, yadda ya kamata, tunda bambancin da ke tsakanin bakin murɗawa da bakin M ke nan. Ya tambaya ko na Rasha ne, don su an gina su kan ma'aunin kyamarar Contax na milimita 52.4, Leica kuwa 51.6 take bi, shi ya sa sukan kuskure daga kusa. Na ce ba shi ba ne. Sai ya ɗaga gilashin ya kalle shi a haske, ya ce, "A nawa ka ɗauka?" Na ce f/2.8. Ya yi wani murmushi da har yau yake ba ni haushi.

Bayaninsa ga shi a taƙaice. Hasken da ya ratsa ta gefen gilashi da wanda ya ratsa ta tsakiya ba wuri ɗaya suke haɗuwa ba. In ƙofa a buɗe take gaba ɗaya, hasken gefe yana da ta cewa. Da ka rage ƙofar, ka toshe na gefen, sai na tsakiya ya rage shi kaɗai, wurin da ya fi fitowa tar kuma sai ya ja baya. Kowane gilashi mai faɗin ƙofa yana da ɗan wannan hali, amma a Sonnar f/1.5 abin a fili yake. Ita kuwa renjifainda, wato kyamara irin tawa mai ma'aunin nisa, ba ta cikin gilashin kake kallo ba. Wani ɗan ƙarfe ne a bayan gilashin yake tura wata 'yar taya a cikin kyamara, tayar ta motsa hoton da ke cikin tabo. Wannan taya ba ta san ko a f/1.5 kake ko a f/8 ba, nisa ɗaya za ta nuna maka. A kyamarar dijital mai nuna hoto ta cikin gilashin kansa, da ka rage ƙofa za ka ga saitin ya gudu, ka bi shi. A nan kuwa sai bayan an wanke fim, bayan mai hoto ya kama hanya.

Ban yarda ba sai da na gwada da kaina. Na kafa kyamara a kan ƙafa uku, na jingina rula a karkace, na soka allura a tsakiyarta, mita ɗaya daga fim. A f/1.5 allurar ta fito ras. A f/2 saitin ya fara zamewa baya. A f/2.8 ya bar allurar da kusan yatsu biyu zuwa uku, a f/4 ma yana can. Sai a f/5.6 zurfin saiti ya yi yawan da ya rufe ɓarnar. Wato da na bar shi a f/1.5 ɗin da nake tsoro, da idon Kawu ya fito. Hattarar ce ta kashe ni. Wannan shi ne abin da har yanzu na kasa haɗiyewa.

Na yi wa Summicron gwajin a kan rular nan, kuma ban ga wani motsi da ido zai kama ba, daga f/2 har ƙasa. Nawa irin wanda Walter Mandler ya tsara ne a masana'antar Leitz, masu ƙera Leica, da ke Midland a Kanada, wanda ya fito a 1979, ƙwayar gilashi shida a rukuni huɗu. Yana matsowa har santimita 70, wancan kuwa a mita ɗaya yake tsayawa, kuma santimita 30 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne in kana son fuska ta cika hoto. Inda ka saita nan yake fitowa, gefe da tsakiya duk tsaf. Gaskiya ba ni da dogon labari a kansa, kuma ina ganin wannan shi ne babban yabonsa. Kuɗinsa kowa ya sani, ba sai na tayar wa kowa da ciwon kai ba.

Na ukun shi ne ya ba ni mamaki, Elmar f/3.5, tsarin Max Berek tun shekarun 1920, ƙwaya huɗu kacal a rukuni uku. Na saye shi don sha'awa kawai, ban ɗauka zai yi aiki ba. Ana tura shi cikin kyamara ya shige, har ta shiga aljihun babbar riga. Ƙofar haskensa da farce ake juya ta, wani ɗan harshe ne a gaban gilashin. Sau biyu na manta ban jawo shi waje ba na yi ta ɗauka, kuma renjifainda ba za ta gaya maka ba, kamar yadda ba ta gaya maka in ka bar murfi a kai. Wannan laifina ne. Amma da rana, a f/5.6 ko f/8, na ajiye hotonsa kusa da na Summicron a ƙaramin bugu na kasa rantsewa wanne ne wanne. Shi ne yanzu nake fita yawo da shi.

Na yi niyyar sayar da mai f/1.5 ɗin, har na ɗauki hotonsa don talla. Sai wani dare 'yata tana karatu a ƙarƙashin fitila ɗaya, na ce bari in ƙarasa fim da shi kafin ya bar gidan. Na buɗe ƙofar duka. Abin da ya fito ya sa na janye tallar. Gashin idonta ya fito tar, fatar fuskarta kuma ta yi wani laushi kamar an shafa mata haske da hannu, bayanta ya narke ba tare da wani layi mai tsokane ido ba. Summicron ba ya yin wannan. Shi gaskiya yake faɗa, wannan kuwa yabo yake yi. Kuma wani abin takaici, aibin nan da ya gusar da saitin Kawu shi ne dai yake kawo wannan laushin.

Da na bi tarihinsa ma sai na ji na rage jin haushi. Ludwig Bertele ya fito da Sonnar f/1.5 a 1932 don kyamarar Contax, lokacin ba a fara shafa wa gilashi maganin hana ƙyalli ba. Duk inda haske ya fita daga gilashi ya shiga iska, ko ya fita daga iska ya shiga gilashi, sai kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ya tarwatse ya dusashe hoto. Sai ya manne ƙwayoyi bakwai a rukuni uku, fuskokin da ke taɓa iska suka zama shida kawai, maimakon takwas na irin tsarin da Summicron yake bi. Ya sami gilashi gajere, mai haske, mai ƙarfin baƙi da fari, a zamanin da hakan yake da wuya. Ya biya kuɗin da wani abu, ni kuma bayan shekara casa'in na zo na biya sauran.

Mai gyara ya ce zai iya sa masa siririn zobe a ciki ya dawo daidai a f/2.8, amma in sani cewa daga ranar a f/1.5 saitin zai riƙa faɗowa gaban abin da na nufa. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Na ce ya bar shi. Yanzu in ina kusa, ko dai f/1.5 ko f/5.6, tsakaninsu kuwa sai in saita a kan ido in ɗan ja jikina baya kafin in danna, ko in saita a kan tsinin hanci. Yana aiki, sau bakwai cikin goma in ƙiyasta.

To amma sau bakwai cikin goma me ke nan? A nan ne raina yake sake ɓaci. Na sayi renjifainda ne don in daina tunani, in haɗa hoto biyu in danna. Yanzu ina tsaye gaban mutum ina lissafin yatsu nawa zan ja baya, shi kuma dariyarsa tana wucewa. Kuma mutumin da ya sayar mini ya san wannan sarai. Ya rubuta mini dogon bayani a kan tsaftar gilashin, har da yadda zoben saiti yake juyawa sumul, amma layi ɗaya na cewa a f/1.5 aka daidaita shi, a yi hattara da f/2.8, ya gagare shi. Da na yi masa magana sai ya ce ai duk mai neman Sonnar ya san halinsa. Ni ban sani ba, kuma ba a goshina aka rubuta cewa na sani ba.

Na buga wa Kawu ɗaya daga cikin hotunan dariyar, ƙarami, don a ƙaramin bugu dishin ba ya tsananta. Na aika masa. Da muka yi waya na ce, "Kawu, in kun sake zuwa za mu maimaita, wannan bai fito yadda nake so ba." Ya ce shi dai ya ga kansa, ya kuma gane kansa, zama kuwa ya riga ya yi sau ɗaya.

Mai sayarwar ya turo saƙo sau biyu yana roƙon in rubuta masa yabo. Saƙon yana nan, ban buɗe na biyun ba.