Cikin Gari ko Yelwa: Ina Baƙo Zai Fara Cin Abincin Bauchi?

Wani ɗan'uwa ya ce zai kwana biyu a Bauchi, yana son ya san garin ta hanyar abincinsa, to cikin gari zai nufa ko unguwar Yelwa? Malam, agogo ne zai raba maka gardama, domin wuraren biyu ba lokaci ɗaya suke cin kasuwa ba.

Cikin gari, wato unguwannin da ke cikin tsohuwar ganuwa irin su Jahun, Nasarawa da Kobi har ka fita Ƙofar Wunti, na safe ne, kuma masa ce sarauniyarsa. Tun jiya aka jiƙa shinkafar tuwo, aka niƙa, aka haɗa da 'yar dafaffiya, aka sa yis, aka rufe ƙullun ya kwana ya tashi. Bayan sallar Asuba ake ɗora tanda. Ka je tsakanin ƙarfe 6:30 da 9, ka tsaya a kwashe maka daga kan wuta. Masa mai kyau gefenta ja ne mai ƙamas-ƙamas, in ka ɓara ta kuma za ka ga cikinta fari da ƙananan ramuka. In ka tarar da tsakiyarta da danƙo, wuta ta yi yawa, bayan ya soyu ciki bai nuna ba. In tsami ya buge ka, ƙullun ya wuce lokacinsa, abin da ya fi faruwa da bazara, kuma mai masar ba ta karya shi da ruwan kanwa ba. Ka ce a zuba maka miyar taushe ta kabewa da gyaɗa, ko romon ƙashi. Mai son a bushe ya nemi yajin ƙuli.

Abin da ke ɓatar da baƙo a nan shi ne babu allon talla. Masu masar da aka fi yabo, da yawansu a cikin gida suke suya. Ka tambayi mai shayi ko mai keke gidan da mutanen layin ke saye, ka yi sallama a zaure, ka ba yaro kwano da kuɗi ya shiga. Namiji baƙo ba ya kutsa kai. In ƙarfe 10 ta wuce, sai dai ka ci ta cikin kula, wadda gumi ya riga ya saki jikinta.

Yelwa, a kan hanyar Dass, ta dare ce. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa na nan, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Gwallameji, don haka ɗalibai ne ke juya kasuwar. Abincin a fili yake bakin titi: Indomie da ƙwai, gasasshen kifi, shawarma, farfesu, sakwara da miyar agushi. Unguwa ce ta gauraye, da Sayawa da Jarawa da mutanen Filato da na kudu, saboda haka a nan ne ya fi sauƙi ka dace da gwaten acca. Saboda wannan gaurayar kuma, ka tambayi wane nama ne a tukunya kafin a zuba. Ba wanda zai ji haushi. Raunin Yelwa ɗaya ne: in makarantu suna hutu ko yajin aiki, rumfuna da dama a rufe suke, na buɗe kuma ciniki ya ja baya, abinci yana daɗewa a wuta.

Tsire da balangu akwai su ko'ina, amma ka saya bayan Magariba daga wanda ake layi a gabansa. Tsiren da ƙulinsa ya yi baƙi ya bushe, ɗumame ne.

In da zaɓi ɗaya ne, cikin gari na fi ba ka shawara, don abin da ke Yelwa za ka same shi a kowane garin ɗalibai, masar Bauchi kuwa sai Bauchi. Tunda kwana biyu gare ka, yi safiya a cikin gari, da rana ka leƙa kasuwar Muda Lawal ka ga inda kayan miyar ke sauka, da dare ka hau keke zuwa Yelwa. In zuwan naka ya faɗo cikin azumi, masar safe takan koma bayan La'asar.