Bindigar harbin nesa ta farko da na saya: Bergara B-14 HMR da madubin Vortex Venom, bayan harsashi 900

Wata 14 kenan da sayenta, jiya na duba ɗan littafin da nake rubuta lissafi naga na harba harsashi 900 da ɗoriya, toh yanzu dai ina ganin na kai in buɗe baki in yi magana. A Hustan nake zaune, jihar Texas, kuma wannan harkar wani abokin aikina ne ya jefani ciki, ranar wata asabar yace in rakashi filin harbi, na kwanta a bayan bindigarsa na harbi farantin ƙarfe a yadi 400 naji yace tin, shikenan tun daga ranar ban sake samun lafiya ba.

Kuɗin da na ware dala 1,500 ne, da komai da komai. Na zaci ma na yi yawa. Ashe a wannan harkar kuɗin cefane ne, akwai mutanen da madubinsu kaɗai ya haura dala 3,000, kana ganinsu a fili suna fito da kaya daga akwati kamar likitocin tiyata.

Bari in fara da shirmen da nayi don shine dalilin rubutun ma. Na ɗauki kusan dala dubu na zuba a bindiga, sai na dubi canjin da ya rage nace ai madubi madubi ne, gilashi ne kawai da zai matso maka da abu kusa, na shiga intanet na sayi wani na dala 130 wanda hotonsa yafi shi kyau, ba zan kama sunan kamfanin ba. An rubuta 6-24 a jikinsa, wato yana kusanto da abu sau 6 zuwa 24, ga wuta ja da kore a ciki, ni kuma ɗan ƙauye ina ta murna. A yadi 100 lafiya lau. Matsalar ta fara ne da na fara murɗa shi don in kai 300 da 400, in murɗa sama in harba ya faɗi ƙasa, in ƙara ya wuce, in dawo ziro, wato saitin farko da harsashi yake sauka inda na nufa, kuma in tarar ziron ya yi ƙaura. Wata biyu ina zargin kaina, ina zargin harsashi, har na fara tunanin ko bindigar ce aka haɗani da mai aljanu.

Wani dattijo bature da nake yawan gani a filin, kullum da hular kaboyi da kofin shayinsa, shi ya gaji da kallona. Yazo yace ɗana, ka taɓa gwada ko madubin nan yana faɗin gaskiya? Ya samo dogon kwali ya ja layi a miƙe daga ƙasa zuwa sama da ma'aunin magina, muka kafa a yadi 100 cif, na harba uku a ɗigon ƙasa, yace murɗa MOA 20 sama amma kaci gaba da saita ɗigon ƙasan. MOA ma'aunin murɗa madubi ne, ɗaya inci 1.047 ne a yadi 100, kenan ya kamata harsashin ya tashi kusan inci 21. Muka je da tef muka auna, 18 da ɗan wani abu, kuma ya karkata dama kusan inci biyu. Na dawo ziro na harba, ya sauka can gefe. Dattijon bai ce komai ba, ya kurɓi shayinsa kawai ya dafa kafaɗata. Akwatin harsashi bakwai na ƙona a banza kafin wannan ranar, kowanne kusan dala 40, ku lissafa, kuɗin ya ninka na madubin sau biyu. Araha dai bata ado, na gani da idona.

Toh bindigar kanta. Uku na sa a gaba kafin in zaɓa: Ruger American Predator wadda take wajen rabin kuɗin sauran, Tikka T3x ta ƙasar Finlan, da Bergara B-14 HMR ta Sifen. Duk na riƙesu a shago. Tikka kam sakatarta kamar an shafa mata man shanu, wallahi ban taɓa jan abu mai santsi irinta ba, kuma Ruger ɗin mutane da yawa a filinmu suna harbi da ita suna kunyata masu tsada. Abinda yasa na ɗauki Bergara shine gindinta. Wajen ɗora kunci yana hawa yana sauka, tsawonta ma ana ƙarawa ko a rage da wasu 'yan faifai, a ciki kuma akwai ƙarfe da ya riƙe jikin bindigar gam, kenan ba sai na sake kashe kuɗi na canza gindi ba nan gaba. Sannan an ƙerata a kan tsarin Remington 700, wanda duk wani kayan ƙari da ka sani a Amurka akwai na wannan tsarin, daga kunama har layin ɗora madubi. Magazin ɗinta, wato gidan harsashi, irin AICS ne mai cin biyar, shima ko'ina ana samu. Bututun inci 22, bakinsa da zare idan kana son ɗaura abin rage naushi.

Harsashi 6.5 Creedmoor na zaɓa. Nan ma sai da aka kusa rabani biyu, masu harsashin .308 suna cewa nasu tun 1952 yake kuma bututunsa yafi daɗewa, gaskiya ne, .308 zai iya kaika harbi 5,000 ko fiye, shi kuwa Creedmoor ana sa ran 2,000 zuwa 3,000 ne bututun zai fara gajiya. Amma Creedmoor da Hornady suka fito dashi a 2007 dama don harbin nesa aka yi shi, baya dukan kafaɗa sosai kuma iska bata wasa dashi kamar .308. Ga ɗan koyo rashin naushin nan ba ƙaramin abu bane, don idan bindiga tana dukanka zaka fara runtse ido kana fizgar kunama tun kafin ta tashi, kuma baka ma san kanayi ba. Ni a lissafina kafin in cinye bututun nan sai nayi shekara uku, lokacin sai a yi maganar canji.

Yadda take harbi kuwa, da Hornady ELD Match mai nauyin giren 140, harsashi biyar a yadi 100 suna taruwa a inci 0.7 zuwa 0.8 idan na nutsu, tsabar kwata ɗaya ta senti 25 tana rufe ramukan duka. Na taɓa yin 0.4 sau ɗaya na ɗauki hoto na tura wa duk wanda na sani har da ƙanina a Kano da bai san me ake nufi ba, ya turo min "masha Allah yaya" kawai. Amma wannan sa'a ce, ba zan zo nan in ce muku bindigar rabin inci bace. Na gwada harsashi masu araha na farauta, sun buɗe zuwa inci ɗaya da rabi. Kunamar ban taɓata ba yadda tazo, tana sakin harbi tsaf ba jan ƙafa.

Nauyi kam akwai shi. Ita kaɗai ta haura kilo 4, ka ɗora madubi mai kusan kilo ɗaya, ga ƙafafun da ake kafa ta a kai ga magazin, ka doshi kilo 6. A kwance ko a kan benci nauyin nan alheri ne don shi yake shanye naushi har kana iya ganin inda harsashinka ya sauka ta cikin madubi. Amma na taɓa bin abokina farautar barewa sau ɗaya na saɓata a kafaɗa tun asuba, kafin azahar na tuna duk zunubaina. Wanda farauta ce a ransa ya nemi mara nauyi.

Yanzu madubi na biyu, wanda da shi ya kamata in fara. Vortex Venom 5-25x56, na sameshi wajen dala 500. Ranar da na ɗaura shi abu na farko da nayi shine gwajin kwalin dattijo. Wannan na MIL ne, wani ma'aunin murɗawa daban da MOA, MIL ɗaya inci 3.6 a yadi 100, na murɗa 10 ya kamata in ga inci 36, muka auna ya zauna a wajen, bambancin bai kai kaurin yatsa ba. Na dawo ziro ya koma cikin ramukan farko. Na maimaita sau uku don na riga na zama wanda maciji ya sara.

Mutane suna yawan rigima a kan MIL ko MOA, ni dai abinda zan ce ka tambayi waɗanda zaka riƙa harbi dasu me suke amfani dashi. A filinmu kusan kowa MIL ne, idan na harba na kuskure sai na gefe yace ƙara biyu hagu, na gane nan take. Kuma mu da muka taso da mita lissafinsa yafi mana sauƙi, ƙas ɗaya na murɗawa santimita ɗaya ne a mita 100. Abinda yafi wannan muhimmanci shine zanen cikin madubin ya zama irin wanda yake girma yana ƙanƙancewa tare da zum, wanda suke kira FFP, saboda alamomin suna nan daidai ko a 8 kake ko a 25. Na farkon nan nawa ba haka yake ba, alamominsa a zum ɗaya kawai suke aiki, nima sai daga baya na sani.

Yana da abin tsayar da ziro, wani ɗan zobe da kake sawa a cikin kan murɗawar, idan ka gama harbin nesa ka juyo baya zai tsaya da kansa. Kamar ƙaramin abu, sai ranar da ka manta ko zagaye ɗaya kayi ko biyu. Wuta kuma babu a cikin zanen, ni bata dameni ba don da rana nake harbi, amma mai fita da magariba ya san da wannan. Gilashin yana da haske sosai har wajen 18 ko 20, a 25 yana ɗan yin duhu kuma sai ka ajiye idonka daidai wuri ɗaya, wanda duk madubin wannan farashin da na leƙa haka suke. Dama ni a 15 nake zama yawanci, don zafin Texas a watan Yuli idan ka cika zum farantin rawa yake maka kamar kana kallonsa ta cikin ruwa. Garantin Vortex na har abada ne kuma basa tambayar rasit, ban dai buƙace shi ba tukuna.

Kuɗin da ba wanda ya gaya min: bututun madubin milimita 34 ne, zoben da na saya na farko na 30 ne, sai da na sake sayen wasu dala ɗari da wani abu. Layin ɗorawa mai gangaren MOA 20, wajen 50. Ƙafafun Harris wajen ɗari. Jakar yashi ta baya, wannan na cika tsohuwar safa da shinkafa na yi wata uku da ita, maman yara ta gane shinkafarta ce aka yi ƙaramin yaƙi. Sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri, wannan kada ka tsallake, wani shago da na fara kai musu sun ɗaure min zobe kamar suna ɗaure tayar tirela har ya bar shaida a jikin madubin, alhali inci-fam 15 zuwa 18 kawai ake so. Sai abin toshe kunne. Sai akwatin ƙarfe mai makulli, wanda shine sharaɗin da maman yara ta kafa min a gida kafin bindiga ta shigo, kuma tana da gaskiya, muna da yara uku. Duka na tashi a wajen dala 2,300 ban da harsashi, harsashin kuwa 900 sau kusan dala biyu, kar ma mu tada maganar.

Wajen saye ba wahala, a shago mai lasisi na cike fom 4473 suka duba ni a tsarin NICS na binciken tarihin mai saye, katin zama na dindindin gareni kuma doka ta yarda, cikin rabin awa na fito. Masu turo min saƙo daga gida kuma kuna cewa in sako muku ko madubin ne a kaya, don Allah ku rufa min asiri, shima sai da izinin gwamnati ake fitar dashi daga nan, bindiga kuwa kun fi ni sanin dokar Najeriya.

Da zan sake daga farko da dala 1,500 ɗin nan, Ruger zan ɗauka in ɗora mata Venom ɗin tun ranar farko, sauran canjin in zuba a zobe mai kyau da harsashi. Ba don Bergara bata cancanci kuɗinta ba, ina sonta kuma bazan sayar ba, amma har yau bindigar nan ta fini iya harbi. A yadi 600 ina murɗa wajen MIL 4, in ja kunama, in ga farantin ya girgiza, sai bayan sakan ɗaya da rabi ƙarar ta iso kunnena, daɗin wannan jiran ba'a magana. Amma iska mai gudun mil 10 a awa tana ture harsashin sama da inci 20 a wannan nisan, kuma babu kuɗin da zai karanta maka ita, ranar da take kaɗawa cikin goma da ƙyar nake samun biyar. Yadi 1,000 na gwada sau biyu, harbi 20 na samu uku, ɗaya ma ina zargin ƙasa ya daka ya yi tsalle.

Shi yasa yanzu nake tara kuɗin bindiga CZ 457 mai cin ƙaramin harsashi .22, harsashinta akwati mai 50 bai kai kuɗin biyar na Creedmoor ba, kuma a yadi 200 iska tana wahalar da ita yadda take wahalar da babbar a nesa. Dattijon yace idan na sayo in zo da kwalina.