Gargaɗi ga masu neman ƙaramar mota mai araha a Akra: kada kuɗi ya fita kafin a karanta lambar shasi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Nima da Mamobi da Sabon Zongo da Fadama da Madina. Ƙananan motoci irin su Toyota Vitz da Yaris, Kia Picanto wadda wasu ke kira Morning, Hyundai i10 da Daewoo Matiz sun zama abin nema a Akra, saboda ba sa shan mai, kayan gyaransu na nan a Abossey Okai, kuma mutum zai iya sa su a Uber ko Bolt ko Yango ya ci abinci. Inda masu saye suka yi yawa kuma kuɗinsu bai da yawa, nan 'yan damfara ke kafa tarko. Abin da ya fi ƙona rai shi ne, kuɗin da ake cinyewa galibi na adashi ne, ko na ɗan'uwa da ya turo daga Jamus ko Saudiyya, ko jarin uwa da ta sayar da abinci shekara da shekaru.

Salon da ya fi yawa shi ne motar da babu ita sam. Za ka ga hoto a Facebook ko Jiji ko a wani zauren WhatsApp, mota tsaf, farashinta ya gaza na kasuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Hoton na wani ne aka kwafo. Idan ka kira, muryar mai ladabi ce, wani lokaci har da sallama da "Alhaji" da "insha Allah" da zarar ya ji sunanka na Musulmi ne. Motar kuwa kullum tana nesa: Takoradi, Tamale, Aflao, ko tana cikin tashar jirgin ruwa ta Tema. Sai ya ce wani ya riga ka magana, amma idan ka tura kafin alƙalami ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, zai riƙe maka, ko ka tura kuɗin mai direba ya kawo ta. Kuɗin farko ba ya yawa, da gangan ake yin haka. Bayan shi sai 'yan sanda su "tare direba" a hanya, sai taya ta "fashe", kowanne da nasa kuɗin, har ranar da layin zai daina shiga. Ku lura da sunan da ke fitowa a waya kafin a danna lambar sirri: kusan kullum ya saɓa da sunan da mutumin ya faɗa, kuma zai ce na matarsa ne ko na sakatariyarsa.

Ƙanen wannan salon shi ne gwanjon Kwastan na ƙarya. Mutum zai turo hotonsa cikin kaki, da wata takarda mai tambarin GRA, hukumar haraji ta Ghana, ya ce akwai motocin da aka kama za a yi gwanjonsu, ka biya kuɗin fom ya sa sunanka. Kuɗin gwamnati ba ya shiga MoMo ɗin wani mutum. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fito ko na gwanjo ta lambar wayarsa, ɓarawo ne, ko da kakin da ya sa na gaske ne.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan wayo, domin a cikinsa motar tana nan, za ka gan ta, har ka tuƙa ta. Ɗan damfara yana kiran mai motar na gaskiya ya ce shi mai saye ne, zai turo ƙaninsa ya duba. Kai kuma ya ce maka motarsa ce, yaronsa zai nuna maka, amma kada ka yi maganar farashi da yaron don kada ya san cinikin. Ku biyun kuna tsaye gaban mota, kowa na zaton ɗayan ɗan aike ne. Ka gamsu, ka tura kuɗi ga wanda ke waya, mai mota ya ce bai ga ko pesewa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Maganin wannan tambaya ɗaya ce ga wanda ke riƙe da makulli: "Maigida, motar wa ce, nawa ake sayarwa, kuma wa zan biya?" Duk dillalin da ya hana ka wannan tambayar, ka bar cinikin nan take.

To, a ce mota ta gaskiya ce, mai ita ma na gaskiya. Aikin bai ƙare ba, yanzu ma ya fara, kuma daga lambar shasi ake farawa, ba daga fenti ba. Ka karanta ta da idonka a jikin ƙarfen mota, a bangon da ke bayan injin ko a ƙasan kujerar gaba ta dama, sannan ka gwada da wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ginshiƙin ƙofa idan akwai su. Motar da aka ƙera don Amurka ko Turai ko Koriya lambarta harafi da alƙaluma 17 ce, kuma ba a sa I ko O ko Q a ciki. A motocin Amurka da na Kia da Hyundai, na goma a jerin shi ke nuna shekarar samfuri: 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, haka har gaba. Vitz kuwa ta kasuwar Japan ce, lambarta gajera ce, irin KSP90 ko SCP90 sai alƙaluma bakwai. Shafa wurin da yatsa. Idan ka ji alamar walda kewaye da lambar, ko an goge an sake bugawa, ko haruffan ba su hau layi ɗaya ba, babu sauran magana. Shekarar da ake gani a ƙarshen lambar rajista, irin -19 ko -21, shekarar da aka yi wa motar rajista a Ghana ce, ba shekarar ƙira ba. Mutane da yawa sun sayi motar 2008 da zaton ta 2019 ce saboda wannan. Ƙyallen da ke ɗinke a ƙasan bel ɗin kujera yakan nuna shekarar da aka yi shi, ka duba.

Da wannan lambar za ka je wurare uku. Na farko Kwastan. Tun 2020 ana shigar da kaya ta tsarin ICUMS, kuma da lambar shasi ake gane ko an biya kuɗin fito. Takardar hannu ba hujja ba ce, ana buga ta a kowace kwamfuta. Akwai motocin da ke shigowa ta iyakar Togo da izinin zama na ɗan lokaci, a cire musu lambar waje, a manna ta Ghana da takardun bogi. Ranar da jami'an Kwastan suka tare ta, a hannunka za a karɓe, kai za a nema da kuɗin fito da tara, wanda ya sayar maka kuwa ya ɓace. Motar da ke yawo da lambar DV ko DP ba ta da rajista tukuna, don haka takardar Kwastan ita ce dukan asalinta. Na biyu DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, misali ofishinsu na unguwar 37: a ciro fayil ɗin motar, a ga sunan mai ita ya yi daidai da Ghana Card ɗin wanda ke sayarwa. Ka shiga ciki da kanka. 'Yan tsakiyar da ake kira goro boys a bakin ƙofa ba su ne hukuma ba, kuma ta hannun irinsu takardun jabu ke fitowa. Na uku rajistar jingina da ke ƙarƙashin Bankin Ghana, domin ƙananan motoci da yawa an saye su ne da bashi, ko suna cikin tsarin nan na yi aiki ka biya, direba bai gama biya ba ya sa ta a kasuwa. Inshora kuma ana tantance ta a waya: danna *920*57# ka shigar da lambar motar.

Yanzu jikin motar. Ka zo da fitarka, wato makanikenka, wanda kai ka biya shi, ba wanda mai sayarwa ya nuna maka ba. Ku je da safe, da hasken rana ba da magariba ba, kuma ka ce kada a tayar da ita kafin ku iso. Ɗora hannu a kan injin. Idan da ɗumi, an riga an ɗumama shi don a ɓoye wahalar tashi ko ƙarar da yake yi da sanyi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilun injin da na baƙin mai da na batir da na ABS da na jakar iska duk su kama. Ka jira. Ta jakar iska ya kamata ta mutu da kanta bayan 'yan daƙiƙu alhali ta mai da ta batir na nan a kunne. Idan ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta. Idan kuma sai injin ya tashi take mutuwa tare da ta mai, an haɗa wayoyinsu ne, kuma mai yiwuwa babu jaka a cikin sitiyarin.

Buɗe murfin baƙin mai. Farin kumfa kamar madara a ƙarƙashinsa alama ce ruwa na haɗuwa da mai, wato mai yiwuwa gasket ya ƙone. Da injin a sanyaye, buɗe lagireto, a tayar, ka kalli ruwan: ƙwayoyin iska da ke tasowa ba tsayawa suna faɗin abu ɗaya. Shuɗin hayaƙi a salansa cin mai ne, farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi ruwa ne. Baƙin mai mai kauri fiye da kima, wanda ke jan zare a jikin sanda, ana zuba shi ne don a danne hayaƙi da ƙara na kwana biyu. Batir ya nuna kusan bolt 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.5 idan injin na aiki. Fitar ya jona na'urar bincike a soket ɗin da ke ƙasan sitiyari. Rashin ganin laifi bai isa ba: idan na'urar ta nuna gwaje-gwajen motar ba su kammala ba, yanzun nan aka goge laifuffukan. Ku tuƙa ta minti ashirin zuwa talatin, da go-slow da hawa da buɗaɗɗen titi, sannan a sake jonawa. Vitz da yawa giyarsu otomatik ce irin ta CVT. Idan tana karkarwa lokacin tashi, ko injin na ihu motar ba ta gaba, ka sani gyaranta yakan ƙare ne a sayen wata giyar gaba ɗaya. Tsohuwar Picanto da Matiz kuma bel ne ke juya taimin ɗinsu ba sarƙa ba, idan ba a san ranar da aka canza shi ba, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun yau.

Maganar Vitz tana buƙatar tsayawa. A Ghana tun 1974 ake tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu. Vitz kuwa da sitiyarin dama ta fito daga Japan, don haka wadda ka gani da shi a hagu juya shi aka yi. Akwai juyi mai kyau, akwai na ganganci, kuma na gangancin rai yake ci. Leƙa bangon bayan injin ta dama ka ga facin da aka toshe tsohon ramin. Bi bututun birki: idan an yanka an ƙara da walda, ko wayoyi an murɗa su da salatif kawai, wannan ba motar ɗaukar iyali ba ce. Murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, zagayen ya zo daidai, babu ƙara babu sarƙewa. Waifa da ba a juya ba tana barin kusurwar gilashin da ke gaban direba ba a share ba, fitilun gaba na Japan kuma suna ɗaga haske wajen hagu, cikin idon mai tahowa.

Motar haɗari da ta ambaliya suna da nasu alamun. Ɗauki ɗan mayen ƙarfe ka naɗe shi da ƙyalle, ka bi ƙofofi da fenda: inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi ta zama ɗaya hagu da dama. Ɗaga kafet ɗin but ka kalli ramin safaya, lanƙwasa ko sabuwar walda a nan na nufin an buge ta ta baya. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, ka leƙa ƙarfen ƙasan kujeru da akwatin fis: tabon laka, tsatsa, ko kore-kore a bakin wayoyi shaidar ruwa ce. Duk wanda ya san abin da kogin Odaw ke yi a Circle da Alajo da damina ya san ba sai daga Amurka motar ambaliya ke zuwa ba. Turare mai yawa a cikin mota shi ma abin tambaya ne. Irin wannan motar tana iya yin wata biyu lafiya, sannan lantarkinta ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Idan daga Amurka ta zo, sa lambar shasin a intanet, sau da yawa hotunan gwanjon da aka sayo ta suna fitowa, ka ga yadda take kafin a gyara.

Mitar tafiya kuwa kada ka ba ta gaskiya. Mota mai shekara goma sha biyu da ke nuna kilomita 60,000 amma robar birki ta cinye har ƙarfe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, mitarta aka mayar baya. Tasi a Ghana fendarta rawaya ce, don haka leƙa cikin bakin fenda da ƙasan robar ƙofa, ragowar rawayan fenti zai gaya maka aikin da ta yi kafin a sake mata kala. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a rubutun DOT na jikin taya mako ne da shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018.

Araha ba ta ado, amma ba kowace mai araha ce ta banza ba. Tayoyi, batir, shokobza, birki, kulochi, fenti da ya koɗe, duk waɗannan ana iya tambayar kuɗinsu a Abossey Okai a rana ɗaya, a haɗa da kuɗin aiki da canjin suna da inshora da takardar lafiyar mota, a ɗora a kan farashin. Idan jimillar ta kai kuɗin mai lafiya irinta, arahar ta ƙarya ce. Lambar shasi da aka taɓa, rashin kuɗin fito, shasi da ya lanƙwashe, ambaliya da juyin sitiyari na ganganci kuwa, babu ragin da ke biyansu.

Ranar biya, a yi ta a banki, cikin asusun da ke ɗauke da sunan da ke fayil ɗin DVLA. A rubuta yarjejeniya mai lambar shasi da lambar injin da farashi, da kwafin Ghana Card na ɓangarorin biyu da shaidu biyu, ya fi kyau a samu wanda unguwa ta sani. Ka riƙe wani kaso na kuɗin sai an cike takardun canjin suna a DVLA an mayar da motar sunanka, ka karɓi makulli biyu da takardun asali, ba kwafi ba. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta hana shi magana: ya adana saƙonnin MoMo da hotunan hirar da lambobin wayar, ya sanar da kamfanin layinsa a ranar, ya kira 292 na hukumar tsaron intanet ta Ghana, sannan ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa ya karɓi takardar shaidar rahoton.