Bitar zaman lafiya ta kwana 3 da na halarta a Mubi

Gaskiya da farko ban so zuwa ba, kawuna ne ya matsa min. Wata ƙungiya ce ta shirya, amma mai koyarwar fasto ne na EYN, wato Ekklesiyar Yan'uwa, cocin da aka kafa a Garkida a 1923 kuma tun asalinsu a Jamus a 1708 ba su yarda Kirista ya ɗauki makami ba. Su ne Boko Haram suka kora daga hedkwatarsu ta Kwarhi a 2014, yawancin 'yan matan Chibok ma 'ya'yansu ne, to ka ga ba mutumin da bai san zafin abin ba ne yake maka wa'azin yafiya.

Rana ta biyu ce ta fi taɓa ni. Baba fasto ya karanta Matiyu 26:52 inda Yesu ya ce wa almajirinsa ya mai da takobi kube, sai wani ɗan banga ya miƙe jikinsa na rawa ya ce Baba, da ban ɗauki bindiga ba daren nan da wa zai tsare mamata? Fasto bai tsawata masa ba, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya kawo Romawa 13 mai maganar ikon hukuma na riƙe takobi, da ra'ayin Agustin, wani malamin Kirista na zamanin da, kan yaƙin adalci, ya ce shi dai yana nan kan ƙin ɗaukar makami amma ba zai kira ɗan bangan mai zunubi ba. Wallahi hawaye na yi.

Matsalata takardun duk Turanci ne, iyayenmu mata sai kallo, abinci kuma sai ƙarfe 3. Duk da haka in an sake zan kai ƙanina.