Kwalbar bitamin ko ƙarin kuɗin cefane: wanne ya fi wa Inna?

Ɗan'uwa, ka ce Inna ta haura 70, tana zaune ita kaɗai a unguwar Bagalam ta Maraɗi, ta fara ramewa, kana tambaya ko ka riƙa sayo mata ƙwayar bitamin a farmasi ko ka ƙara kuɗin cefane. Ni dai cefane zan sa a gaba, ko da yake ƙwayar ma tana da ranarta.

Ƙwaya ba ta da wuya: ɗaya a rana, a kora da ruwa. Amma ba ta ƙosarwa, ba ta mayar da tsokar da ta zube. Wannan aikin wake ne, da ƙwai, da nono, da kwaɗon zogalen Jiratawa da ya ji ƙuli-ƙuli. Kofi ɗaya na madara yana ba da kalsiyam wajen miligiram 300, mace mai shekarunta kuwa tana bukatar kusan 1,200 a rana saboda ƙashi.

Matsalar abinci ita ce, wa zai dafa? Tsohuwa ba ta hura wuta don cikinta ita kaɗai. Na ga tawa kakar: fura da safe, fura da rana, tuwon dare a rufe da faifai har ya kwana, nama kuma ta tura wa jikoki don haƙori babu. Sai da muka koma niƙa naman a miya, yarinya ɗaya tana zama su ci tare, sannan kwanon ya fara dawowa wayam. In kuɗin ya ƙaru ba mai zama da ita, a bakin zane zai ƙare.

Inda ƙwaya ta yi wa abinci zarra shi ne bitamin B12. A nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, kuma cikin tsoho ba ya tsotse shi kamar da. Wanda ya daɗe yana shan metformin na ciwon suga ya fi shiga wannan hali. In tana kukan tafin ƙafa na mata yam-yam, ko jiri, ko yawan mantuwa, kai ta likita a auna jininta, a rubuta mata ƙwaya ko allura. Ramar ma a duba ta.

Ƙwayoyin tire da ake yawo da su a rana cikin zafin Afirilu, ka bar su inda ka gan su. Shayi kuma kada ta sha shi kan abinci, yana tauye sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. A matsa mata lemun tsami a kwaɗon.