Wasiƙa daga Houston: hitar wurin ninkaya da ke yoyo

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya su Hajiya? Ka tambaye ni aikin da nake yi a nan Amurka. Ina bin wani ubangidana muna gyaran wuraren ninkaya na cikin gidaje a jihar Texas, kuma abin da aka fi kiranmu a kai shi ne hitar da ke ɗumama ruwan idan ta fara yoyo.

Abu na farko da ya koya mini: ba duk ruwan da ka gani a ƙarƙashin hita ne yoyo ba. Wani lokaci zufa ce kawai take yi, kamar randa da rani. Sai mu tsoma 'yar takardar gwajin kulorin (maganin da ake zubawa a ruwan wurin ninkaya) a ruwan da ya taru. In ba ta nuna kulorin ba, zufa ce, mu tafi abinmu. In ta nuna, daga cikin na'urar ruwan yake fitowa. Daga nan mu duba robar da ke mahaɗar bututu da murfin magudana, don su ne masu araha. Mai tayar da hankali shi ne bututun jan ƙarfen da wuta ke gasawa. Ruwan da ya yi tsami, wato ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 7.2, yana cinye shi a hankali har ya huje. Ƙanƙara kuma fasa shi take yi. Har yau masu gidaje suna ba ni labarin sanyin Fabrairun 2021, da aka ɗauke wuta, injinan tura ruwa suka tsaya, ruwa ya daskare a ciki.

Kaya kam, Yaya, ba a shan wahalarsu. Kowace roba da lambarta. Ka karanto lambar a jikin hitar, ƙirar kamfanin Pentair ce ko Hayward, ka yi oda, a kawo maka daidai wa daida. Ba sai ka yi yawon Ƙofar Ruwa da tsohuwar a hannu kana gwadawa ba.

Amma aikin hannu tsada gare shi, da awa ake biya, shi ya sa ba mai zama ya yi faci. Bututu ya huje, a cire duka a sa sabo. Ranar da na ga an jefar da hita guda saboda huji ɗaya, wallahi raina ya sosu, na tuna masu waldar layinmu da za su zauna mata har ta tashi.

A gaishe mini da yara.